Yadda ake karatun digiri na biyu a fiziks cikin shekara guda a Birtaniya

A jami'o'in Birtaniya digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na bincike zalla, inda za a haɗa ka da malami guda ka duƙufa a kan matsala ɗaya. Akwai kuma na darussa, wanda yawanci ake kira MSc: ka zauna a aji, ka rubuta jarabawa, sannan ka yi ɗan bincike a ƙarshe. A kan na biyun nan zan yi magana. Wata 12 ne kacal, daga ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba zuwa Satumba mai zuwa, kuma kiredit 180 ake nema: a mafi yawan wurare 120 na darussa, 60 na kundin bincike. Shekarar ba ta jiran kowa, don haka rabin aikin tun kana gida ake yin sa.

Ka fara da zaɓen kwas, kada sunan jami'a ya ruɗe ka. Buɗe jerin darussan ka karanta ɗaya bayan ɗaya. Edinburgh na da kwas na fiziks ɗin nazari wanda kusan dukansa lissafi ne. Imperial College a Landan na da na fiziks gaba ɗaya mai faɗin zaɓi. Wasu jami'o'in sun ƙware a fiziks na asibiti, na nukiliya ko na taurari. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: bayan an gama, ina na nufa? Mai son digiri na uku ya nemi kwas mai bincike mai nauyi da malamai masu ɗaukar ɗalibai. Mai son aiki a sashen gashin cutar kansa na asibiti, fiziks na asibiti ne nasa.

Sai takardu. Yawancin kwasa-kwasai suna neman sakamako mai darajar 2:1, wasu na karɓar 2:2. Za a buƙaci takardar makin darussanka, wasiƙun shaida daga malamai biyu, shaidar Turanci kamar IELTS (6.5 aka fi nema, wasu jami'o'in kuma na karɓar Turancin WAEC), da bayanin kanka. Takardar maki ita ce ke ɓata wa mutane lokaci, ka nema tun da wuri. A bayanin kanka kada ka cika shafi da labarin yadda kake son kimiyya tun kana yaro. Faɗi abin da ka yi a aikin shekarar ƙarshe, abin da ka auna ko ka lissafa, da darasin da kake so a kwas ɗinsu da dalili.

Maganar kuɗi kuwa, a fara ta shekara guda kafin tafiya. Tallafin Chevening na buɗewa wajen Agusta, yana neman shekara biyu na gogewar aiki, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan karatu. Akwai tallafin ƙungiyar Kwamanwel, akwai na PTDF ga 'yan Nijeriya a fannonin da suka shafi mai da makamashi. Kada ka dogara da aikin da za ka yi a can: awa 20 a mako aka yarje wa ɗalibi lokacin karatu, kuma mai karatun fiziks da ya cinye awa 20 ɗin nan a shago, daga cikin lokacin lissafinsa ya yanko su. Mai iyali ya sani cewa tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na darussa ba ya tafiya da mata da yara, sai idan gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa.

Akwai wata takarda da ta shafi 'yan fiziks musamman, wato ATAS. Gwamnatin Birtaniya ce ke tantance masu karatun fannonin da za a iya juya iliminsu zuwa makamai, kuma 'yan ƙasashen Afirka ba sa cikin waɗanda aka ɗauke wa. Kyauta ce, ta intanet ake cikawa, amma tana iya cin mako shida. Da ka sami gurbi ka cika ta, domin ba biza sai da ita. Daga nan sai lambar CAS ta tabbatar da gurbi daga jami'a, gwajin tarin fuka, da shaidar kuɗin da suka kwana 28 a asusu.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi. Watannin da ke tsakanin samun gurbi da tafiya, a nan ake cin digirin ko a faɗi. Malamin da zai shigo aji a makon farko ya ɗauka ka riga ka ƙware a aljabarar matiris, da lissafin difaranshiyal, da lambobi masu sarƙaƙiya, da hanyar Fourier. Ba zai maimaita ba. Da yawa daga cikinmu mun ci jarabawar digiri na farko da haddar bayanin malami, kuma hadda ba ta tsallake wannan kogin. Ka ɗauki littafin lissafi na Mary Boas, ko na Riley da Hobson da Bence, ka bi shi da fensir. Ka dawo kan littattafan David Griffiths guda biyu, na lantarki da maganaɗisu da na kwantam, ka warware tambayoyin ƙarshen babi da hannunka ba tare da leƙa amsa ba. A can littattafan Jackson da Sakurai za a miƙa maka, kuma wanda bai narkar da Griffiths ba, Jackson zai sa shi kuka. Ka koyi Python har ka iya zana jadawali ka warware lissafi da kwamfuta, ka koyi LaTeX domin da shi ake rubuta kundi. Duk wannan ƙaramar kwamfuta da haƙuri kawai yake so.

Idan karatu ya kankama, takardar tambayoyin mako ita ce karatun. Lacca gabatarwa ce kawai. Ka zauna da kowace tambaya kai kaɗai tukuna, ka sha wuya da ita, sannan ka kai wa abokan karatu inda ka maƙale. Malamai na ware lokacin ganin ɗalibai a ofis. Mun taso da kunyar tambayar manya, amma a can ɗalibin da ya zo da takarda ya ce “Farfesa, a layi na huɗu na ɓace” shi ake tunawa, kuma shi ake rubuta wa wasiƙar shaida mai kyau. Wannan na da muhimmanci, domin guraben digiri na uku masu tallafi da yawa suna rufewa tsakanin Disamba da Fabrairu, kana wata uku ko huɗu da zuwa.

Kada ka kwashi darussa masu nauyi duka a zango ɗaya don burge wani. Wasu jami'o'in na yin jarabawa a Janairu da Mayu, wasu na tara ta gaba ɗaya bayan hutun Ista. Maki 50 ne ci a mafi yawansu, 60 yabo, 70 daraja ta sama, kuma 70 a can ba wasa ba ce. Tambayoyin shekarun baya na nan a shafin sashe. Ka yi su da agogo a gabanka.

Binciken ƙarshe yakan ɗauki Yuni zuwa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, amma zaɓen malami tun zangon farko ake yi. Karanta maƙalu biyu ko uku nasa a arXiv, rumbun da masana fiziks ke zuba aikinsu kyauta tun 1991, sannan ka je masa da tambaya takamaimai. Ka zaɓi aikin da zai kammalu cikin wata uku, ko da bai yi ƙyalli ba. Ka riƙe littafin aiki, kullum ka rubuta abin da ka gwada da abin da ya fito, har wanda ya ƙi. Ka fara rubuta babin shimfiɗa tun makon farko, ka ajiye kwafin aikinka a wuri biyu. Duk jumla ko hoto da ka ɗauko, ka faɗi mai shi, domin ana bi da kundi ta manhajar gano satar rubutu kuma hukuncin na iya kaiwa ga rasa digiri. Ka miƙa wa malaminka cikakken daftari aƙalla mako biyu kafin ranar rufewa, domin a Agusta malamai da yawa na hutu ko taro, gyara kuma sai ya sami lokacin karantawa.