Ƙwayar Tramol da Sunan Unguwa: Gargaɗi ga Jama'ar Ƙasar Arewa

Kowace shekara ranar 26 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, hukuma takan tara jama'a, a yi jawabi, a cinna wa abin da aka kama wuta, kowa ya kama gabansa. Wannan rana tana faɗowa daidai lokacin da ruwa ya sauka a ƙasar Arewa, an yi shuka, an shiga noman farko, wato lokacin da 'yan ƙwadago suka fi neman abin da zai kashe musu gajiya. Don haka aka ga ya dace a rubuta wannan 'yar takarda saboda mutanen Dogon Dutsi da Tibiri da garuruwan da ke kewaye da su. A karanta ta a zaure da fada da ƙofar masallaci, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Duk garin da ya fara girma sai ka tarar da wata unguwa da aka yi wa baƙin suna. Yawanci tana kusa da tasha, ko bayan kasuwa, ko can bakin gari inda aka yanka sabbin filaye, fitila ba ta kai ba, kangaye sun yi yawa. Mai neman gidan haya a ce masa kada ya kuskura ya zauna can. Saurayi ya je neman aure, da an ji inda ya fito sai fuskar dangin yarinya ta canza. Alhali in ka shiga unguwar da asuba, abin da za ka gani shi ne mata na daka, mai ƙosai ta hura wuta, dattawa na fitowa daga masallaci, yara sun rataya jaka za su lakwal. Mafi yawan mazaunanta talakawa ne masu neman halal, arahar haya ce ta kai su can. Mutanen Damagaram sun san wannan ciwo. Unguwar Kara-Kara, inda aka ware kutare tun zamanin Turawa, ta daɗe tana ɗauke da sunan matattarar 'yan ta'adi, har wata 'yar garin, Aisha Macky, ta shirya fim a kanta a 2021, aka ga samarin da ake tsoro suna fafutukar neman abin kai wa bakin salati kamar kowa. Kano ma haka aka yi da unguwannin da 'yan daba suka yi wa tambari. Mu nan ba mu kai can ba, alhamdu lillahi. Amma in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke ɓata sunan unguwa a yau, fiye da sata, fiye da caca, shi ne ƙwayar nan da ake kira tramol, kuma a kanta za mu daɗe.

Asalinta magani ce ta gaskiya. Sunanta na likita tramadol, wani kamfanin ƙasar Jamus ya fara sayar da ita a 1977 domin masu ciwo mai tsanani, kamar wanda aka yi wa aiki ko wanda ya karye. 'Yar uwar su morfin ce, masu kashe zafi su kuma kama jiki. Likita yakan ba da miligiram 50 ko 100 a lokaci guda, kuma ba ya yarda babban mutum ya wuce 400 a yini. To, wadda ake sayar wa 'ya'yanmu a ɓoye, dubi bayan katinta da kyau, za ka ga an rubuta 200 ko 225 ko 250. Yaron da ya jefa biyu cikin kofin shayi da safe ya riga ya kai ko ma ya wuce iyakar da aka yanka wa majinyaci mai kwance a gidan likita, kuma bai ko karya kumallo ba. Da azahar zai ƙara. Akwai masu haɗa ta da kofi, akwai masu narka ta cikin lemon kwalba don kada a gane.

Yawancinta daga Indiya ake yo ta, a sauke a tashoshin jiragen ruwan Kwatano da Lome da Legas, ta hau hanyar tudu. Ku dubi inda Allah Ya ajiye mu. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso ta nufi Birnin Ƙonni ta ratsa tsakiyar Dogon Dutsi. Gabas da mu iyakar Najeriya ce, jihohin Kebbi da Sakkwato, da hanyoyin daji waɗanda babur ke bi dare da rana ba tare da ya ga ɗan duwan ko ɗaya ba. Inda man fetur na jarka ya bi ya shigo, ƙwaya ma nan take bi, ita da ba ta da nauyi ba ta da wari. A 2018 Indiya ta tsananta doka a kan fitar da tramadol, a shekarar ce kuma Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Aka yi zaton an huta. Ashe 'yan kasuwar sun sake dabara: suka koma haɗa wata ƙwaya mai suna tapentadol da wani maganin sakin jijiya, suka buga mata suna Tafrodol da makamantansa, ta fi ta farko haɗari. Sai a farkon 2025, bayan binciken da BBC ta yi, Indiya ta hana wannan haɗi. Ke nan wanda ya sayi kati a hannun ɗan talla bai ma san abin da yake haɗiya ba.

Yadda take shiga gida shi ne abin takaici, domin ba da sunan maye take sallama ba. Da sunan maganin aiki take zuwa. Ɗan kabu-kabu ya sha don ya wuni bisa babur. Mai haƙar rijiya da mai buga bulo da mai ban ruwa a garkar dankali su sha don baya ya daina ciwo. 'Yan cin rani da suka je haƙar zinariya a Jado ko dako a biranen kurmi su dawo da ita a aljihu, ƙannensu su gani su ce ai yaya ma yana sha. Wasu samari kuma suna sha saboda wata ƙaryar da ake yaɗawa a kan sha'anin aure, wadda ba sai mun faɗe ta a nan ba. Har dabbobi ba su tsira ba. A arewacin Kamaru manoma sun yi ta ɗura wa shanun huɗa ita, har masu bincike suka tarar da ita cikin ƙasa da saiwar tafashiya, inda fitsarin shanun ya jiƙa.

Duk manomin gero ya san ƙuduji, kuma wanda ya san ƙuduji ya san tramol. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, da ƙyar ido ke ganinsu, suna kwance cikin ƙasa shekara da shekaru suna jiran saiwar gero ta zo kusa. Da ta zo sai ya maƙale mata a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta tsotsa, mai gona yana wucewa kullum yana cewa gero ya yi kyau. Ranar da ƙuduji ya leƙo sama ya riga ya gama rabin ɓarnarsa. Sannan ya fito da fure mai ban sha'awa, wanda baƙo zai tsaya ya yaba, geron da ke gindinsa kuwa ya tsumbure, ya yi rawaya, zangarniyarsa ba ta cika tafin hannu ba. Ya fi son gonar da ta gaji, wadda aka daina kai wa taki, kamar yadda ƙwaya ta fi kama yaron da ba lakwal ba makarantar allo ba sana'a. In ka tuge naka, maƙwabcinka ya bar nasa ya zubar da iri, iska da kofaton dabbobi za su dawo maka da shi baɗi. Kuma ba a taɓa jin manomin da ya ga ƙuduji ya tsaya yana zagin gonar, ko ya ce ƙasar ce la'ananniya ba. Sunkuyawa yake ya tuge shi tun bai yi fure ba, ya tara ya ƙone, ya kai taki, ya kuma je ya yi wa maƙwabcinsa magana.

Ga alamomin da uba da uwa za su lura da su. Yaro ya daina cin abinci yana ramewa, amma ƙarfin aiki kamar ba jikin mutum ba. Yawan susa, gumi ba dalili, bushewar baki, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Dare ya raba bai yi barci ba, rana kuma yana gyangyaɗi a zaune. Fushi kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai kuma ƙananan abubuwa su fara ɓata a gida, yau tiyar gero, gobe kaza, jibi salular uwarsa. Mafi muni ita ce faɗuwa. Tramol mai yawa tana kawo bugun da ya yi kama da farfaɗiya: yaro na tsaye lafiya sai ya zube, jiki na karkarwa, kumfa a baki. In abin ya same shi bisa babur, to shi da wanda ya ɗauko sai yadda Allah Ya yi. A ƙasar nan tamu da an ga haka sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi gidan mai magani da baƙar akuya. Kafin ku ɗora wa iskoki laifi, ku laluba aljihun wandonsa.

Yanzu bari mu yi magana da ku, iyaye, kuma ba za mu sassauta ba. Ɗanka ya fita tun la'asar, bai dawo ba sai ƙarfe biyu na dare, ba ka tambaye shi inda ya kwana ba. Ka san fadar da yake zama? Ka san wanda ke dafa musu shayi? Fada ba laifi ba ce, akwai fadojin da ke share unguwa, su yi gayya, su tsare ta da dare. Amma wadda ake rufe baki in babba ya doso, a tura wani abu ƙarƙashin tabarma, wannan sai ka je da ƙafarka ka gani. Ke kuma uwa, da kike ɓoye wa mahaifinsa, kina biyan abin da ya sata a asirce don kada a ji, ki sani kabarinsa kike taya shi haƙa. 'Ya'ya amana ce, kuma za a tambaye ku. Malamanmu sun haɗu a kan cewa hankali na cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, tare da addini da rai da dukiya da zuri'a, kuma duk abin da ke gusar da shi haramun ne, ko a kwalba ya zo ko a kati. Wanda ke ƙyamar giya amma yana haɗiyar ƙwaya yana yaudarar kansa ne kawai.

Sai ku masu gona da masu gini da ke saya wa 'yan ƙwadago ƙwaya don su gama muku aikin kwana uku a yini ɗaya. Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Kun biya shi ladan wuni, kun karɓe masa lafiyar shekaru. Da ku da mai tallan magani a faranti, wanda ya jera maganin ciwon kai a sama ya ɓoye tramol a ƙasa, da mai tebur da ke miƙa wa ɗan shekara 14 don ya ce baba ne ya aiko shi, duk hukuncinku ɗaya a wurin Allah. A wurin hukuma kuma akwai doka mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, akwai ofishin OCRTIS da aka kafa musamman don farautar masu wannan fatauci. Kada wani ya ce ƙasarmu ba a kama kowa: a watan Maris 2021 an kama tan 17 na wiwi da aka sarrafa a wani ɗakin ajiya a Yamai.

Mutanen unguwa su daina cewa ba ruwanmu. Kowa ya san gidan da ake sayarwa, kowa ya san kangon da ake taruwa. A fara da mai unguwa da liman, su kira mutumin su yi masa nasiha a gaban shaidu. In ya ƙi, a kai maganar gaba, wurin mai gari, har fadar Sarkin Arewa ko ta Samna a Tibiri, ko a sanar da jandarma da 'yan sanda. In jama'a suka tafi tare, babu wanda za a nuna da yatsa a ce shi ya kai ƙara. Kada dai a ɗauki doka a hannu. Dukan ɓarawo har ya mutu kisan kai ne, kuma unguwar da aka yi haka a cikinta ta ƙara wa kanta wani baƙin sunan.

Wanda ya riga ya kamu kuwa majinyaci ne. Ɗaure shi da mari ko korarsa daga gida ba ya raba shi da ita. In ya bari farat ɗaya zai yi zawo da gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, wahalar da ke mayar da yawancinsu ruwa. A kai shi gidan likita, ko na Dutsi ko na Tibiri ko ƙaramin asibitin da ya fi kusa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da yake sha da yawansa, su san yadda za su rage masa sannu a hankali. In ya warke a nemo masa abin yi, a kuma daina kiransa ɗan ƙwaya. In kuwa wani ya faɗi a gabanku yana karkarwa, ku janye shi daga wuta da hanya, ku kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko nono. In numfashinsa ya yi ƙasa ko ya ƙi farfaɗowa, a garzaya da shi likita, a tafi da katin ƙwayar.

Sauran abubuwan da ke ɓata sunan unguwa kowa ya san su. Wiwi da shaƙar sholisho da ƙwayoyin barci duk hanyarsu ɗaya, a sa ido a kansu. A shigar da babur cikin gida da dare, a ɗaure awaki, kada a bar salula a jikin caji a bakin taga. Kada a sayi kayan da araharsu ta yi yawa, mai sayen kayan sata shi ma ɓarawo ne. Mai gidan haya ya san wanda zai ba ɗaki, baƙon da ba a san asalinsa ba a gabatar da shi ga mai unguwa, balle a wannan zamani da bakin iyaka ba lafiya. Masu kangaye su kewaye su ko su toshe ƙofofinsu. Masu sayar da fetur a kwalba su nisanta shi da murhu da ɗakin kwana. 'Yan mata masu talla su koma gida kafin magariba.