Wai Aikin 'Yan Rekod Ne? Jan Kunne ga Ma'aikatan Jinya da Ɗalibansu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ma'aikatan jinya, tun daga manyan asibitocin birni har ƙananan na Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya ɓaci. Wai harkar kwamfuta da shigar da bayanai aikin 'yan rekod ne, nas ba ruwanta. Wasu har ƙari suke yi, wai an kawo na'urorin ne don a rage ma'aikata, ko don a riƙa leƙen wanda ya makara. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗalibai sun fara ɗauka. Yarinya tana aji biyu, ba ta taɓa kwana da wodi ita kaɗai ba, amma ta riga ta haddace cewa ita aikin hannu ta zo koya, danne-danne na wasu ne.

A ɗauki jaririn da aka yi wa allurar Penta ta farko a Badafi yana ɗan mako 6. Wadda ta yi allurar ita za ta rubuta a katin yaron da rajistar riga-kafi, ta ja layi a takardar ƙidaya. Ƙarshen wata a tattara komai a fom ɗin wata, a kai wa jami'in bayanai na ƙaramar hukuma a Kiru, shi kuma ya shigar a DHIS2. Daga nan Kano na gani, Abuja na gani. DHIS2 manhaja ce da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, tushenta daga Afirka ta Kudu ne bayan rushewar mulkin wariyar launin fata, kuma a cikinta Najeriya ke tara alƙaluman asibitocinta. A duk tsawon wannan tafiya, mutum ɗaya ne ya ga yaron ido da ido. Ɗan rekod bai gan shi ba, jami'in ƙaramar hukuma bai gan shi ba. Abin da nas ko ungozoma ko ɗan CHEW ya rubuta shi kowa zai ɗauka a matsayin gaskiya, da shi kuma za a duba ko mazaɓar tana buƙatar ƙarin allura, ƙarin magani ko ƙarin ma'aikaci. To ta yaya ya zama aikin wani?

Ita kanta Florence Nightingale, wadda muke kunna fitila don tunawa da ita ranar rantsuwa, da lissafi ta yi suna. Bayan yaƙin Kirimiya ta tattara alƙaluma ta nuna wa gwamnatin Ingila cewa cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kashe sojoji, kuma a 1858 ta zama mace ta farko da aka karɓa a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan. Mun riƙe fitilar mun yar da alƙalamin.

Batun rage ma'aikata kuwa, wa za a rage? Asibitin da mutum biyu ke yin awo, su karɓi haihuwa, su yi riga-kafi, su ba da magani? Wannan ba ya buƙatar amsa.

Sai uzurin sabis. Gaskiya ne akwai wuraren da waya ke wahalar kamawa, musamman in aka nausa ta wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai. Amma manhajojin da aka ƙera don irin aikinmu, kamar DHIS2 ta wayar Android da ODK da KoboCollect, an gina su ne su yi aiki babu intanet. Ki shigar da bayanin, ya zauna a cikin wayar, in kin fito inda akwai sabis ki tura. Masu allurar shan-inna a jihar nan sun yi shekaru suna shiga lungu da saƙo da wayoyin da ke nuna inda suka taka da inda suka tsallake, aikin da ƙungiyar eHealth Africa ta taka rawa a cikinsa. Rabon Kano da samun asalin ƙwayar shan-inna tun Yulin 2014, a Sumaila. Idan mai ɗigon riga-kafi da ke yawo a ƙasa ta iya riƙe waya, nas mai lasisi ba ta da hujja. Abin da na yarda matsala ce ta gaske shi ne caji da kuɗin data. Wannan kuwa nauyin hukuma ne, kuma ba daidai ba ne a bar ma'aikaciya tana sayen data daga albashinta don ta tura rahoton gwamnati.

Ainihin ciwon yana can baya, tun kafin a taɓa na'ura. Na taɓa zuwa duba aiki wani ƙaramin asibiti ana tsakiyar wata, na ce, "Sista, a ba ni rajistar awo." Ta ɗan yi jim, ta ce, "Malama, ai sai ƙarshen wata muke cikawa, yanzu a littafi muke ajiyewa." Littafin na 'yan makaranta ne, an rubuta suna da unguwa kawai, babu watannin ciki, babu awon jini, babu alamar ko zuwan farko ne ko dawowa. Ranar 30 ga wata za a zauna da biro ɗaya a cika shafi goma daga ƙwaƙwalwa. Kowa ya san irin wannan rajista in ya gan ta: rubutu iri ɗaya, tawada iri ɗaya, awon jinin kowace mace 120 bisa 80. Ko wace irin kwamfuta aka kawo wa wannan asibiti, ƙaryar nan za ta ɗauka ta kai Abuja, sai dai da sauri fiye da da.

Akwai kuma kurakuran da ba ƙarya ba ne, rashin lura ne da al'adarmu, kuma babu littafin da aka rubuta a waje da zai koya muku su. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ki tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce Abba, ko Ummi. Wata mai zuwa kakarsa ce za ta kawo shi, ta faɗi sunan yanka, katin kuma an bar shi a gida. Shi ke nan yaro ɗaya ya zama biyu: ɗaya ya karɓi allurar farko ya ɓace, ɗaya ya faɗo daga sama a ta biyu. Haka sunan miji, mata da yawa ba sa ambata. Maganinsa ba wuya. A rubuta sunan yanka da laƙabi duka, a nemi wata a layi ta faɗi sunan da uwar ke jin nauyi, a haɗa da sunan unguwa da lambar waya in akwai, a kuma nemo tsohuwar lamba kafin a buɗe sabuwa. Ranar haihuwa ma haka. In an ce miki "bayan babbar salla da kwana kaɗan", ki duba kalanda ki fito da kwanan wata mafi kusa, kada ki rubuta 1 ga Janairu don ki huta. Kuma sifili daban, gurbin da aka bari daban. Sifili na nufin mun duba babu. Gurbi na nufin ba a sani ba.

Yanzu ga abin da nake so kowane ɗalibi ya iya kafin ya karɓi takardarsa. A ce cikin wata uku yara 80 sun karɓi Penta ta farko a asibitinku, 56 suka kai ta uku. An rasa 24. Raba 24 da 80, ka ninka da 100, ka sami kashi 30. Ƙa'idar aikin riga-kafi ita ce in abin ya haura kashi 10, akwai matsala. Wannan lissafi bai kai minti biyu ba, amma ma'aikata nawa ne ke yi wa asibitinsu? Fom ake cikawa a miƙa, kamar biyan haraji. Alhali yaran nan 24 suna da suna da unguwa a rajistarku, mai unguwa ya san gidajensu. Kuma Penta tana ɗauke da riga-kafin mashaƙo, cutar da ta ɓarke tun Disambar 2022 ta fi yi wa jihar Kano ɓarna a duk ƙasar, akasarin waɗanda ta kama kuwa yara ne da ba a yi musu allura ba ko ba su kammala ba. Duk wanda ya yi aiki a wodin mashaƙo ya ji yadda numfashin yaran nan ke fita ba zai sake raina layin rajista ba.

Sai gargaɗin da zan nanata har ku gaji da ni: lambar sirri. Kada ki ba kowa. Kada ki ba ƙawarki, kada ki ba ɗalibar da kike koyarwa, kada ki ba incaji ko da ta girme ki, kada ki rubuta ta a takarda ki manna jikin kwamfuta. Manhajojin ajiye bayanan majinyata suna rubuta sunan wanda ya shiga, da abin da ya taɓa, da ƙarfe nawa. A ce an kwantar da mai jijjiga, ana yi mata allurar magnisiyam salfet bayan kowace awa 4. Kin tashi daga aiki kin bar shafinki a buɗe, wadda ta karɓe ki ta shigar da lokacin da ba daidai ba, ta gaba ta dogara da shi ta maimaita allura kafin lokaci. Ranar bincike sunanki ne zai fito. Rantsuwa da kuka ba za su goge shi ba, kuma lasisinki ne a kan tebur. Na san dalilin da ya sa ake yi: kwamfuta ɗaya ce, layi ya yi tsawo, fita da sake shiga na cin lokaci. Na kuma san kunyar a ce wa babba a'a. Duk da haka ki fita daga shafinki duk lokacin da za ki tashi daga kujerar, ko da alwala za ki yi. In asibiti ya ba mutum biyar suna ɗaya da lamba ɗaya, ku rubuta ƙorafi a takarda ku ajiye kwafi, don ranar da abu ya lalace.

Ɗan'uwan wannan laifi shi ne hoto. An mayar da WhatsApp hanyar tura rahoto: a ɗauki hoton shafin rajista ɗungurungum, da sunaye da sakamakon gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, a jefa a zauren da ke da mutum ɗari. Wayar nan ita yaranki ke wasa da ita da daddare, ita kike kai wa mai caji, ita kike bai wa mai gyara. A gari irin namu da kowa ya san kowa, layi ɗaya ya isa ya kashe aure. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majinyaci sirri ne, ta kuma tanadi hukunci ga mai wasa da shi, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin rukunin da ya fi buƙatar tsaro. In dole ne a tura adadi ta waya, a tura adadin kawai, ban da suna. Masu ɗaukar hoton rauni ko na jariri su ɗora a TikTok da Facebook kuwa, ban ma san da wane baki zan yi musu magana ba.

Makarantu ma suna da nasu kason. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ta Hukumar Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ma yanzu a kwamfuta ake rubutawa, sai wasu malamai suka ɗauka ɗalibin da ya iya zaɓar amsa a allo ya iya fasahar bayanan lafiya. Bai iya ba. Na ga ɗakin kwamfuta da ke kulle duk zango, sai mako guda kafin zuwan masu tantancewa a share ƙura. Na ga darasin da aka ƙare ana haddace sassan kwamfuta, ɗalibi bai taɓa ganin fom ɗin wata ba. Jihar Kano na da makarantar jinya a Madobi da ta fasahar lafiya a Bebeji, ɗalibansu kuma su ne za su riƙe asibitocin wannan yanki gobe. Abin da nake ba kowace makaranta shawara ba ya buƙatar kwangila. A samo rajistocin da ake aiki da su a asibiti waɗanda ba a cika ba, a ƙirƙiri majinyata na ƙarya, ɗalibi ya cika, ya taƙaita, ya shigar a Excel, ya fito da jadawali, ya tsaya gaban aji ya faɗi abin da ya gani. DHIS2 tana da shafin gwaji a intanet mai ɗauke da bayanan koyo, kowa na iya shiga ya yi kuskure ba tare da ya ɓata wa kowa aiki ba, akwai kuma darasin farko kyauta. Sannan duk ɗalibin da aka tura ƙauye koyon aiki a tilasta masa halartar taron tantance alƙaluma na wata a ƙaramar hukuma.

Bita kuma, Allah ya kyauta. A kira taro a otal a birni, a tura wanda ba ya taɓa rajista saboda shi ke kusa da mai zaɓe, ya karɓi alawus da jaka ya dawo, wadda ke zaune kan aikin ba ta ji komai ba. Bayan wata biyu a yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da wayar da lambar sirrin. Horon da ke kama jiki shi ne wanda aka yi a kan teburin ma'aikaciya, da rajistarta, ranar da asibiti ke cike. Kuma takardar miƙa aiki ta haɗa da na'ura, cajarta, da sanar da ƙaramar hukuma ta rufe tsohon suna ta buɗe sabo.

Abu na ƙarshe ga sababbin ma'aikata: ranar da kuka kama aiki, ku nemi lambar wayar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku. Mashaƙo, kwalara, zazzaɓin Lassa, ƙyanda, sanƙarau da shanyewar gaɓa ta farat ɗaya ga yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ba sa jiran fom ɗin wata. Cikin awa 24 ake sanarwa, ko da zato ne, shi kuma ya shigar a SORMAS, manhajar da aka ƙirƙiro bayan Ebolar 2014 wadda hukumar NCDC ke bibiyar annoba da ita. Ku kira shi, ku rubuta ranar da lokacin da kuka kira a littafin rahoto, ku sa hannu.