Darasi: Ma'aunin Dokar Hukuma a Kan Lafiyar Al'umma

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, malaman usulu sun ce shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Malaman fiƙihu kuwa sun rataya duk aikin shugaba a kan maslahar talakawansa. Saboda haka auna dokar hukuma a kan kiwon lafiya yana cikin aikin Musulmi. Bari mu ɗauki misali daga ƙasarmu.

Bayan taron Bamako na 1987, Nijar ta bi tsarin da majinyaci ke biyan wani kaso na kuɗin magani. An gwada shi a Boboye da Say a 1993, aka mai da shi doka a 1995, bayan karyewar darajar sefa ta 1994. Magani ya samu a ɗakunan shan magani, amma mai hannu wofi ya riƙa zama gida har ciwo ya ci ƙarfinsa. A 2005 gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗauke kuɗin aikin fiɗa na haihuwa, a 2006 ta ƙara da awon ciki da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. To, da me za mu auna wannan doka?

Ma'auni na farko: shin rayuka sun tsira? Binciken ƙasa na 1998 ya nuna yara 274 cikin 1000 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar. A binciken 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Ajali na hannun Allah, amma riƙon sababi umurninsa ne. Adalci kuma shi ne a faɗi cewa rigakafi, da rabon sange, da ƙananan ɗakunan lafiya da aka gina a karkara tun 2001, duk suna da rabonsu a wannan sauƙi.

Ma'auni na biyu: shin an cika alkawari? Dokar ta tanadi likita ya yi aiki kyauta, daga baya gwamnati ta biya asibiti. Biyan ya yi ta jinkiri, bashi ya taru, magani ya yanke a wurare da dama. Na taɓa raka wani maƙwabci da ɗansa ke fama da masassara. An duba yaron ba a karɓi ko dala ba, amma aka rubuta masa takardar magani ya saya a waje, sai da ya sayar da tiyar gero biyar a tsakiyar damina. Kyautar da babu magani a bayanta rabin kyauta ce.

Ma'auni na uku: shin ta kai ga na nesa? Mutumin cikin garin Dogon Dutsi ko Tibiri yana isa asibiti da ƙafa. Mai naƙuda daga ƙauyukan Dogon Kiriya ko Geceme kuwa, sai an nemi amalanke ko mota, kuma wannan kuɗin dokar ba ta ɗauke shi ba.

Da waɗannan ma'aunai uku ya kamata mu duba ragin rabin kuɗin jinya da hukumomi suka sanar a watan Agusta na 2024.

Akwai kuma abin da ke wuyanmu. Kowane ɗakin shan magani yana da kwamitin jama'a mai lura da kuɗi da magunguna. Mu sa masu amana a ciki, mu nemi lissafi a bainar jama'a. Kowane masallaci ya kafa asusun ɗaukar mara lafiya. Maigida kada ya hana iyalinsa awon ciki, kada ya jira kwana uku da yaro mai zazzaɓi. In mun ga gazawa, mu kai ta ga magajin gari da shugaban likitocin gunduma cikin ladabi da hujja, domin nasiha ga shugabanni addini ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shiryar da shugabanninmu ga abin da zai amfani talakawa. Amin.