Gyaran Tsohon Zarto

A wani gari kusa da Zariya akwai wani yaro da ya ke koyon aikin kafinta in an tashi daga makaranta. Maigidansa ya gaya masa ba zai fara ba shi aikin kansa ba sai ya sami nasa zarto. Uban yaron kuwa ba shi da halin sayen sabo. Ran nan ana sharar ɗakin ajiya sai aka tsinci tsohon zarton kakansa a bayan randa. Tsatsa ta rufe shi, gara ta cinye rabin mariƙin, noti biyu sun ɓace, haƙoran kuma duk sun dakushe.

Da yaron ya kai wa maigidansa, sai ya ce, "Baba, ga abin da muka samu, amma ina jin ya mutu." Tsohon ya karɓa, ya tanƙwara ruwan zarton kaɗan, ya sake shi. Nan da nan ya koma ya miƙe sambal. Sa'an nan ya ɗaga shi daidai idonsa, ya duba tsawonsa, bai ga tsaga ba. Ya ce, "Ɗana, da tsohuwar zuma a ke magani. Ƙarfen nan da ransa."

Zarto kashi uku ne: ruwa, da mariƙi, da notunan da su ke haɗa su. Ruwan shi ne zarto, gama mariƙi da noti ana iya sake su. In ruwa ya tsage, ko tsatsa ta yi masa ramuka a bakin haƙora, to, gyara ya yi wuya. Amma in yana tanƙwaruwa ya dawo, ya cancanci wahala.

Suka kwance notunan da suka rage, suka cire mariƙin. Yaron ya shimfiɗa ruwan a kan katako, ya zuba masa kananzir, ya yi ta goge shi da samfefa mai laushi, yana bin tsawonsa. Sannu sannu hasken ƙarfe ya fito, har wani rubutun Turanci ya bayyana a tsakiya, mai nuna an ƙera shi a Shefil.

Shefil birni ne a Ingila wanda ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da zartuna. A can kamfanin Spear & Jackson ya ke, wanda asalinsa ya faro tun 1760. A Amurka kuwa wani mutum mai suna Henry Disston ya fara ƙera zartuna a birnin Filadelfiya a 1840. Irin waɗannan zartuna an yi su ne don a riƙa wasa su shekara da shekaru. Da yawa daga cikin masu araha na yanzu an gasa haƙoransu sun yi tauri ƙwarai, har bakinsu ya yi duhu. Magagari ba ya cinsu, saboda haka in sun dakushe sai a yar.

Ruwan yana da ɗan lanƙwasa kusa da ƙarshensa. Tsohon ya ɗora shi a kan ƙarfe mai faɗi, ya bubbuga wurin a hankali da ƙaramar guduma har ya daidaita. Ya gargaɗi yaron kada ya kuskura ya sa ruwan zarto a wuta, domin wuta ta kan kashe ƙarfinsa, ya koma laushi, ba ya ƙara riƙe kaifi.

Sai neman notuna. Notunan tsofaffin zartuna yawanci na tagulla ne, daga uku zuwa biyar a jikin mariƙi. Kowane ɗaya biyu ne, namiji da mace, suna haɗuwa ta cikin hudar ruwa. Wahalar ita ce na wannan kamfani ba lalle ne ya shiga na wancan ba. Don haka mai nema ya kan tafi da ruwan zarton da tsohon noti guda, ya gwada kafin ya biya. Ran kasuwa yaron ya bi rumfunan masu sayar da kayan aiki, bai dace ba. Daga nan ya nufi wurin 'yan gwangwan, masu tara tsofaffin ƙarafa. Can ya tarad da wani zarto wanda ruwansa ya karye biyu, amma notunansa lafiya lau. Ya gwada, suka shiga daidai, ya saye shi da kuɗi kaɗan. In da bai samu ba, da sai ya sa noti irin na kowa wanda ya cika hudar, ya yanke abin da ya yi saura.

Mariƙi kuwa ba a saya ba, yin sa aka yi. Turawa su kan yi nasu da itatuwan ƙasarsu, har da itacen tuffa. A nan maɗaci busasshe ya isa, gama yana da ƙarfi, yana kuma yin santsi a hannu. Yaron ya ɗora guntun tsohon mariƙin a kan takarda, ya zana shi, ya cika inda gara ta ci. Aka sami katako mai kauri kusan inci guda, aka yanke shi bisa zanen, aka tsaga bakinsa daidai kaurin ruwan. Wurin huda ne a ke son natsuwa. Dole hudojin mariƙi su dace da na ruwa, domin huda ƙarfen zarto aiki ne mai wuya. Sai suka ɗora ruwan a kan katakon, suka yi alama ta cikin hudojinsa, sa'an nan suka huda.

Saura babban aiki, watau gyaran haƙora. Suka matse ruwan tsakanin katako biyu, haƙora suna sama. Da fari tsohon ya goga magagari mai faɗi a kan haƙoran daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har tsayinsu ya zama ɗaya. In wani haƙori ya fi 'yan'uwansa tsawo, shi kaɗai zai riƙa aiki, zarto ya yi ta tsalle. Gugar nan ta bar ɗan wuri mai ƙyalli a kan kowane haƙori.

Na biyu, aka buɗa haƙoran. Wannan a karkata shi dama, na biye hagu, haka har ƙarshe, kuma rabin haƙori na sama kaɗai a ke karkatawa don kada ya karye. Dalili shi ne hanyar da zarto ya ke yankawa ta fi ruwansa faɗi kaɗan. In ba haka ba katako zai cije shi, ya ƙi gaba, ya ƙi baya.

Na uku, wasawa da magagari mai kusurwa uku. Zarto iri biyu ne. Na tsaga, mai bin tsawon katako, haƙoransa manya ne, kamar 5 a inci guda, ana kuwa wasa su kai tsaye. Na gicciye, mai datse katako, haƙoransa ƙanana ne, kamar 8 zuwa 10 a inci, ana wasa su a karkace, su zama kamar ƙananan wuƙaƙe. Na yaron na gicciye ne, saboda haka ya riƙa wasa ɗaya yana tsallake ɗaya, sa'an nan ya juya zarton ya bi sauran. Da ƙyallin nan ya ɓace daga kan haƙori, to, ya yi kaifi, sai a wuce.

Da suka gama, tsohon ya karkata zarton, ya ɗora allura tsakanin layukan haƙoran nan biyu. Allura ta zame har ƙasa ba ta faɗi ba. Yaron ya gwada a kan katako, zarto ya bi layi ba gardama. Kashegari aka ba shi aikinsa na fari, watau yin ƙafafun benci huɗu. Tun daga ran nan kullum ya tashi aiki sai ya shafe ruwan da ɗan mai, ya rataye zarton a bango inda damshi da gara ba su kai ba.

Tambayoyi

1. Yaya a ke gane tsohon zarton da ya cancanci gyara?
2. Don me ba a sa ruwan zarto a wuta?
3. Me ya sa yaron ya tafi kasuwa da tsohon noti?
4. Mene ne amfanin buɗa haƙoran zarto?
5. Faɗi bambancin zarton tsaga da na gicciye.