Allon Siminti Mai Zare da Makomar Tsofaffin Gidajen Katako a Gaɓar Kogin Misisifi

1.0 Gabatarwa

Birnin Niyu Olins na ƙasar Amurka yana gaɓar Kogin Misisifi, inda zafi da laima suke mamaye mafi yawan shekara. Da katako aka lulluɓe bangon gidajensa na ƙarni na 19, gara da ruɓewa kuwa ba sa raga masa. Muƙalar ta duba allon siminti mai zare da ake maye gurbin katakon da shi.

2.0 Asalin Allon

Ludwig Hatschek, mutumin Ostiriya, shi ya fito da allon a shekarar 1900, inda ya gauraya siminti da asbestos. Da aka tabbatar asbestos na haddasa cutar daji, sai aka koma ga siminti da yashi da zaren itace a shekarun 1980.

3.0 Amfani da Haɗari

Gara ba ta cin allon, wuta ba ta kama shi. Sai dai ginshiƙan da ke bayansa katako ne. Tsohon gida yana bushewa ne ta iskar da ke ratsa bangonsa. Idan aka manne allon ba tare da rata ba, danshi zai maƙale, ginshiƙan su ruɓe a ɓoye. Haka kuma ƙurar yankansa tana lalata huhun ma'aikaci.

4.0 Kammalawa

Allon yana tsawaita ran gida ne idan an bar wa iska hanya a bayansa, an shafa wa bakin yanka fenti, an kuma ɗaga shi daga ƙasa.