Amsoshin Tambayoyinku: Kamfanoni da Dashen Itatuwa a Masarautar Kazaure

Wani mai sauraro daga Yankwashi ya tambaya ko akwai hanyar da 'yan kasuwa da mutanen ƙauye za su haɗa hannu wajen farfaɗo da ƙasar da hamada ke ci.

Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa a Najeriya, wato shingen itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma gwamnatin tarayya ta kafa masa hukuma a 2015. Sai dai inda kasuwa ta fi shigowa shi ne itacen dakwara, wanda ke fitar da ƙaro, ɗankon da kamfanonin lemo, alewa da magunguna ke saya, wanda Sudan ta daɗe tana gaba wajen fitar da shi. Yarjejeniya mai ma'ana ita ce kamfani ya samar da dashe tare da alkawarin saye a farashin da aka sani, jama'a kuma su ba da fili su tsare shi daga awaki da masu saran itace, domin dakwara tana ɗaukar kimanin shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara tsaga ta.

Wannan jiran na iya karya irin waɗannan shirye-shirye, musamman idan ba a zauna da makiyaya ba tun farko. Akwai kuma wata hanyar: manoman Maradi, tun shekarun 1980, sun dawo da gawo a gonakinsu ta hanyar kula da tohon kututture, ba tare da sayen dashe ba.