Na Daina Cin Nama, Kaina Ya Hana Ni Sakat

Wata malamar firamare ta shigo ofishina da hantsi, ta zauna ta ɗora jakarta a cinya, tun ba mu gama gaisawa ba ta kai hannu ta dafe goshi. "Likita, wata takwas ke nan rabona da nama, amma kaina ya hana ni sakat." Aikina a asibiti ba da shawara kan abinci ne, amma marasa lafiya sun saba kiran kowa a cikinmu likita. Na tambaye ta abin da ya raba ta da naman. Ta ce hawan jini ne ya kwantar da mahaifiyarta, ita ma jiki ya fara yi mata nauyi, sai ta tsorata. Rana ɗaya ta yanke: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono. Watannin farko ta ji daɗin jikinta sosai. Daga baya ciwon kai ya zo ya tare, ga jiri duk lokacin da ta ɗago daga sujada, ga haki idan ta hau bene.

Irin wannan koke ya yawaita a gabana, kuma masu kawo shi kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka bar nama da kansu saboda ƙiba, ko ciwon suga, ko hawan jini. Akwai kuma waɗanda tsada ce ta raba su da shi, sai a yi wata guda tukunyarsu ba ta ga tsoka ba. Jiki bai san wannan bambanci ba, abin da ya rasa kawai ya sani. Ni kaina ina yawan sa masu hawan jini su koma ga wake da ganye da hatsi, kuma ina ganin amfaninsa. Damuwata ita ce mutum ya cire abu daga abincinsa bai san abin da ya tafi tare da shi ba.

Tambayar da nake fara yi ita ce yaushe ciwon ya fara, domin lokacin farawarsa yakan nuna inda za a duba. Idan a makon farko ne, da wuya a ce naman ne. Mai sauya abinci yakan yi shara ne gaba ɗaya, ya bar shayi da kofi da lemon kwalba, wani har goro. Yawancin waɗannan suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma jikin da ya saba da shi yakan fara ciwon kai awa 12 zuwa 24 bayan an yanke, ciwon ya ɗauki kwana biyu zuwa tara ya wuce. Duk mai shan shayi ya san wannan ciwon a farkon azumin Ramadan. Sai yunwa. Farantin kabeji da latas da kokwamba yana cika ciki amma ba ya riƙe mutum, kafin azahar kai ya ɗauka. A haɗa da ƙarancin shan ruwa a zafin Maris da Afrilu. Waɗannan gyaransu ba wuya: a rage shayi a hankali, a ci abinci mai riƙe ciki sau uku, a sha ruwa har fitsari ya yi haske.

Ciwon malama kuwa sai da aka yi watanni ya bayyana, wannan ya sa na ce ta buɗe ido in duba. Na ja fatar idonta ta ƙasa, cikinta fari fat, tafin hannunta ma haka. Na tambaye ta ko tana sha'awar tauna ƙanƙara ko farar ƙasa. Ta yi murmushin kunya, ta buɗe jakar nan ta nuna min ƙullin farar ƙasa a leda. Wannan kwaɗayi alama ce da muka sani ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Da shi ake ƙera himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini ya kai wa ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Idan ya yi ƙasa, ciwon kai da jiri da kasala da bugun zuciya sukan biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mace a matsayin mai ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta bai kai giram 12 a kowace desilita ba, mai ciki 11, namiji 13. Da aka gwada, na malama ya yi ƙasa da haka da tazara.

Tsirrai suna da ƙarfe. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kusan miligiram 4, akwai shi a waken suya da riɗi da gero da alayyahu da zogale. Matsalar ita ce hanji ba ya zuƙar ƙarfen tsirrai kamar yadda yake zuƙar na nama, shi ya sa masana a Amurka suka ƙiyasta cewa wanda ba ya cin nama yana buƙatar kusan ninki biyu na abin da mai cin nama ke buƙata. Macen da ke al'ada dama buƙatarta miligiram 18 ce a rana, ta namiji 8. A nan ne na ga inda malama ta faɗa. Da safe shayi da burodi, da rana ɗan ganye, da dare tuwo da miyar kuka, tana ajiye cokali kuma sai ta ɗora baƙin shayi mai kauri. Sinadarin tanin da ke cikin ganyen shayi yana kama ƙarfen abinci tun a hanji ya hana shi shiga jini. Ɗan abin da ta samu a tuwon dare, shayin ya tafi da kaso mai yawa a ciki. Ga al'adarta mai zuba sosai. Ga kuma ibuprofen da take saya a kemis kusan kullum saboda kan, wanda shi ma yake iya ƙwarzar ciki ya riƙa zubar da jini kaɗan-kaɗan ba a sani ba.

Dabarun da na ba ta duk daga kicin ɗinta suke. A bar tazarar awa ɗaya ko fiye tsakanin abinci da shayi. A matsa lemon tsami a kwaɗon zogale ko rama, a yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kan wake, a ci gwaiba ko lemon zaƙi bayan abinci, domin bitamin C yana buɗe wa ƙarfen tsirrai hanya. A jiƙa wake ya kwana kafin a dafa. Iyayenmu da ke tsima gero su bar ƙullu ya yi tsami kafin a dama koko suna rage wani sinadari ne da ke cikin hatsi mai riƙe ƙarfe, ko da ba su san sunansa ba. Sai dai idan jini ya riga ya yi ƙasa sosai, abinci kaɗai ba zai cike gurbin da wuri ba. Likita ya rubuta mata ƙwayar ƙarfe, kuma akan ci gaba da sha kamar wata uku bayan jinin ya daidaita don ma'ajiyar jiki ta cika. Ina roƙo a nan, kada kowa ya je kemis ya ce a ba shi maganin ƙarin jini ba tare da gwaji ba. Ba kowane ƙarancin jini ne na ƙarfe ba. Maleriya na jawo shi, tsutsar ciki na jawo shi, mai sikila kuma da ake yawan ƙara wa jini ƙarfen na iya yi masa yawa ya cutar da shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bitamin B12, saboda ƙarancinsa yana zuwa a makare. Hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka mutum zai iya barin duk abin da ya fito daga dabba ya yi shekara biyu ko uku lafiya lau, sannan abin ya fara. Babba yana buƙatar maikirogiram 2.4 kacal a rana, amma babu tsiron da za a dogara da shi a samu wannan ɗan adadin. Na sha jin ana cewa zogale ya ƙunshi komai. Zogale abinci ne mai albarka, amma ba ya maye gurbin B12. Na taɓa ganin wani dattijo mai ciwon suga da ya bar nama da ƙwai da nono shekaru, yana kuma shan metformin, maganin da shi ma yake rage zuƙar wannan bitamin. Ciwon kai ne ya kawo shi, amma da na tsananta tambaya sai ya ce, "'Yata, ƙafafun nan kamar kiyashi na bi na, takalmi yakan fita ban ji ba." Harshensa ya yi ja ya yi sumul, iyalinsa kuma sun lura da mantuwa. Lalacewar jijiya irin wannan idan ta daɗe ba lallai ta koma daidai ba. Wanda zai iya, ya riƙe ƙwai da nono ko kindirmo: ƙwai ɗaya yana ba da kusan rabin maikirogiram, kofin madara ya haura ɗaya. Fura da nono ta rufa wa mutane da yawa asiri ta wannan fuska. Wanda kuwa ya bar su duka, ƙwayar B12 ta zame masa dole, mai ciki da mai shayarwa sun fi kowa buƙata saboda ƙwaƙwalwar jariri.

Masu shan maganin hawan jini ko na suga su sani cewa sauya abinci yana sauya yadda maganin ke aiki. Wanda ya rage gishiri, ya rame, ga zoɓo kullum, jininsa na iya sauka fiye da kima, mai allurar insulin kuma suga na iya faɗuwa. A gaya wa likita kafin a sauya, a riƙa awo. Masu ciwon ɓarin kai wasunsu sukan lura abinci mai tsami irin daddawa yana tayar musu da shi. Ba kowa ba ne, don haka nakan ce a rubuta abin da aka ci da lokacin da kai ya yi ciwo har mako biyu kafin a haramta wa kai wani abu. Shi kansa maganin ciwon kai, idan ana shan irin su paracetamol kwana 15 ko fiye a wata har tsawon watanni, yakan koma ya zama shi ke kawo ciwon.

Akwai ciwon kan da ba a tsayawa binciken abinci a kansa. Wanda ya sauko lokaci ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, wanda ya zo da shanyewar hannu ko karkacewar baki ko dishi-dishin gani, da wanda ya kama mai ciki tare da kumburin fuska da ƙafa, duk waɗannan asibiti ake nufa a take, ko da tsakar dare ne.

Malama ta dawo bayan mako shida. Ba ta koma cin nama ba, ban kuma matsa mata ba. Ta yarda da dafaffen ƙwai da kindirmo, ta mayar da shayinta bayan la'asar, an kuma tura ta wajen likitan mata kan yawan zubar jinin al'ada. Ta ce ciwon kan ya koma sau ɗaya ko biyu a mako, kuma ta daina sayen ibuprofen. Na sake jan fatar idonta, ta fara yin ja. Na tambaye ta ƙullin farar ƙasa, ta ce yana nan a jaka amma ta kwana biyu ba ta taɓa shi ba. Muka sa ranar sake gwajin jini.